Ƙananan taurari biyu masu zagaya juna cikin awanni: me ya hana su karo, kuma yaya aka auna su?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Argungu. Na karanta cewa akwai ƙananan taurari da ke zaune biyu-biyu, suna zagaya juna cikin ƙasa da kwana ɗaya. Da na kawo zancen a aji sai ɗalibai suka tsare ni. Me ya hana su faɗa wa juna, tunda kowanne yana jan ɗan'uwansa? In babu madubin hangen nesa da ke iya raba su, ta yaya aka san biyu ne, har ake faɗin nauyin kowanne? Sannan ko akwai wanda zan iya nuna musu daga nan?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Ɗalibanka sun yi tambaya a inda ya dace, kuma akwai wanda za ka iya nuna musu. Amma sai mun fara sanin irin taurarin tukuna.

Masana suna kiran su jajayen wadanni. Nauyinsu yana farawa daga kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyin Rana, ya tsaya wajen kashi 60. Abin da bai kai kashi 8 ba tsakiyarsa ba ta yin zafin da za ta riƙa mayar da haidurojin hiliyam, don haka ba a lissafa shi cikakken tauraro. Zafin fuskarsu bai wuce digiri 3,900 a ma'aunin Kelbin ba, alhali na Rana yana wajen 5,800, shi ya sa haskensu ke yin ja kamar garwashin da ya fara lafawa. Kusan uku cikin kowane taurari huɗu na gungun da muke ciki irinsu ne, amma ko ɗaya ba a gani da ido tsura. Hatta Proxima Centauri, tauraron da ya fi kowanne kusa da Rana, mai nisan shekarar haske 4.2 (shekarar haske ita ce tafiyar da haske ke yi cikin shekara guda), sai da madubi. Kimanin ɗaya cikin huɗu na jajayen wadanni yana da abokin zama, kuma kaɗan ne daga ciki suka matsu har zagayensu ya dawo wajen kwana ɗaya ko ƙasa da haka.

Biyu ne aka fi sani a cikinsu, da su za mu yi aiki. Na farko YY Geminorum, wanda ake kuma kira Castor C, mai nisan shekarar haske kimanin 50. Taurari biyu ne kamar an tsaga kara, kowanne nauyinsa 0.6 na Rana, faɗinsa 0.62 na Rana, suna gama zagaye cikin awa 19 da minti 33. Na biyu CM Draconis, nisansa shekarar haske kimanin 48, nauyin ɗaya 0.23, ɗayan 0.21, faɗin kowanne wajen rubu'in Rana, zagayensu kwana 1.27. Tazarar da ke tsakanin taurarin a duka biyun ba ta kai kilomita miliyan 3 ba, wato kamar sau bakwai na nisan Wata daga nan. Makiyuri, duniyar da ta fi kusa da Rana, tana nesa da ita da kilomita miliyan 58.

To me ya hana su karo? A gaskiya suna faɗa wa juna, ba dare ba rana. Sai dai kowanne yana gudu a kaikaice, kafin jan ya kawo shi inda ɗan'uwansa yake ɗan'uwan ya riga ya bar wurin, shi ma kuma ya goce. Faɗuwar da ba ta isa inda ta nufa ita ce zagaye. Abin da ya riƙe Wata bai faɗo mana ba ke nan. Kusanci yana ƙara ƙarfin jan, saboda haka sai da ƙarin gudu. A YY Geminorum kowane tauraro yana yin kilomita 121 a daƙiƙa ɗaya, Duniya kuwa 30 take yi a kewayen Rana. Kuma a sarari babu iska ko turɓaya da za ta rage musu gudu.

Akwai kuskuren da ɗalibai kan yi a nan: su zana ɗaya a tsaye, ɗayan yana kewaya shi. Dukansu ne ke tafiya, suna kewaya wani wuri da ke tsakaninsu wanda babu komai a cikinsa. Ka nuna musu da sandar ɗan ga-ruwa. In garwa biyun cike suke, tsakiyar sanda ke kan kafaɗa. In ɗaya rabi ce, dole ya matsar da kafaɗarsa wajen mai nauyin. Inda kafaɗar take shi ne cibiyar zagayen. Mai nauyi yana kusa da ita, da'irarsa ƙarama, gudunsa kaɗan. Mara nauyi yana nesa, gudunsa ya fi. A CM Draconis mai nauyin yana yin kilomita 72 a daƙiƙa, ɗayan 78. Ka raba 72 da 78 ka samu 0.92, kuma nauyin ƙaramin in aka raba shi da na babban 0.92 ɗin ne zai fito. Da gudu kaɗai an san wanda ya fi wani, da kuma nawa ya fi shi.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, a nan za mu daɗe. Gaskiya ne ba a raba su a hoto na yau da kullum. Tazarar tagwayen YY Geminorum kamar yadda take bayyana daga nan daidai take da ka tsaya a Argungu kana neman ganin ƙwayar gero guda a Kano. Ɗigo ɗaya ake gani. Hanya biyu ake bi a tatsi bayani daga wannan ɗigon, kuma sai an haɗa su ake samun cikakken awo.

Hanya ta farko husufi ce. In aka yi dace zagayen nasu yana kwance daidai da layin ganinmu, sau biyu a kowane zagaye ɗaya zai gifta ta gaban ɗaya ya tare haskensa. Ba kowaɗanne ke yin haka ba, amma matsattsu sun fi yi, domin jikinsu ya cinye babban kaso na tazarar da ke tsakaninsu, ko da zagayen ya ɗan karkace za su shafi juna a idonmu. Ana ɗaukar hoton tauraron a jere tsawon dare, a auna haskensa a kowane hoto, a zana shi a kan lokaci. Layin yana tafiya a miƙe, sai ya zurma, ya taso, ya miƙe, ya sake zurmawa. Tsakanin rami da makamancinsa na gaba shi ne tsawon zagaye. Faɗin ramin yana nuna girman taurarin biyu a haɗe idan aka gwada da tazararsu: husufin CM Draconis yana ɗaukar wajen awa ɗaya da minti 20, na YY Geminorum kusan awa biyu. Siffar gindin ramin, ko mai tsini ne ko shimfiɗaɗɗe, tana nuna karkatar zagayen da bambancin girmansu. Zurfin ramukan biyu kuma yana nuna wanda ya fi zafi, don rami ya fi zurfi lokacin da aka rufe mai zafin.

Sai dai husufi kaɗai ba ya ba ka kilomita ko ɗaya. Abin da yake cewa shi ne wannan tauraron kaso kaza ne na tazarar, bai san tazarar ba. Nan hanya ta biyu ke shigowa. Ana tsaga hasken da na'ura ya bazu kamar bakan gizo, a cikinsa akwai siraran layuka da kowane sinadari ke bari a wurin da aka sani. Abin da ke tahowa wajenmu layukansa suna gusawa ɓangaren shuɗi, mai tafiya kuma ɓangaren ja. Ɗalibai sun san wannan da kunne: hon ɗin mota yana sirancewa in ta tunkaro, ya yi kauri in ta wuce. A tagwaye, lokacin da ɗaya ke tahowa ɗayan tafiya yake, sai kowane layi ya rabu biyu. Bayan rubu'in zagaye, lokacin da suke gifta juna, layukan su haɗe, can kuma su sake rabuwa sun yi musayar wuri. Wannan rabuwa da haɗewa ita ce shaidar cewa biyu ne. Jan layin haidurojin yana kan nanomita 656.3 a tsawon zangon haske (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), gudun kilomita 121 a daƙiƙa yana gusar da shi nanomita 0.26. Kaɗan ne, amma na'urorin yau suna auna abin da bai kai haka ba nesa ba kusa ba.

Ga lissafin YY Geminorum, za ka iya yi da su a allo. Haɗa gudun biyun: 121 da 121, 242. Mayar da zagayen daƙiƙoƙi: kimanin 70,350. Ninka su, ka samu kewayen da'irar, wajen kilomita miliyan 17. Raba da 6.28, tazarar ta fito kilomita miliyan 2.71. Yanzu sai dokar Kepler ta uku kamar yadda Newton ya gyara ta: in ka auna tazara da nisan Duniya daga Rana, ka auna lokaci da shekara, to tazarar ninki uku a kanta, a raba da lokacin ninki biyu a kansa, shi ne jimlar nauyin da ma'aunin Rana. Nisan Rana kilomita miliyan 149.6 ne, don haka tazarar ta zama 0.0181. Ninka ta a kanta sau uku, 0.0000059. Zagayen a shekara 0.00223 ne, a kansa sau biyu 0.000005. Raba na farko da na biyu, ka samu kusan 1.2. Tunda gudunsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, kowanne 0.6. Da tazarar ta fito a kilomita, sai ka koma wa husufin ka fitar da girman kowanne a kilomita. Ka lura ba mu nemi sanin nisansu daga nan ba ko kaɗan. Wannan ne ya sa masana ke ji da tagwaye masu husufi: in an yi aikin da kyau, kuskuren nauyi da girma ba ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari.

Inda ake tuntuɓe ma yana da amfani a sani. Gudun da na'ura ke gani ɓangaren da ya fuskanto mu ne kawai. In zagayen a karkace yake kuma babu husufin da zai faɗi karkatar, nauyin da za ka samu mafi ƙarancin abin da zai yiwu ne, na gaskiyar zai iya fin haka. In taurarin tamkar juna ne, ramukan biyu za su yi kama, mai gaggawa ya ɗauka rami ɗaya ne ke maimaituwa, ya rubuta rabin zagayen a matsayin cikakke. In akwai tauraro na uku da haskensa ya shiga cikin ɗigon, ramukan za su yi kamar ba su da zurfi, girman ya fito ba daidai ba. In kuma husufin shafar gefe ne kawai, jimlar girman biyun za ta fito da kyau amma rabon kowanne ya zama cacar baki, sai an nemo ƙarfin layukan kowanne a raba gardama. Akwai ma ruɗanin da ke damun masu neman duniyoyi. Mafi ƙanƙantar jajayen wadanni girmansu bai wuce na Jufita ba. Wani da aka bayyana a 2017, EBLM J0555-57Ab, girmansa kamar na Zuhal ne amma nauyinsa ya kai na Jufita sau 85. In irinsa ya gifta gaban babban tauraro, ramin da zai yi ba shi da bambanci da na duniya. Awon gudu ne kaɗai ke tona shi.

Kusancin yana sauya su kansu taurarin. Jan da kowanne ke yi wa ɗan'uwansa ya fi ƙarfi a gefen da ke kusa, sai ya ɗan miƙar da shi. Wannan miƙewa tana aiki kamar birki har sai da'irar ta daidaita, kuma juyin kowane tauraro a kan kansa ya zo ɗaya da zagayen. Daga nan fuska ɗaya suke nuna wa juna har abada, kamar 'yan kokawa da suka sarƙe suna kewaya fili. Ma'anar wannan ita ce tauraron YY Geminorum dole ya juya sau ɗaya cikin awa 19 da rabi, tsakiyar jikinsa tana gudun kusan kilomita 38 a daƙiƙa. Rana kwana 25 take yi, gudunta kilomita 2. Cikin jan wada kuwa tafasa yake kamar tukunyar kunu, mai zafi ya taso, mai sanyi ya nutse, kuma waɗanda nauyinsu bai kai 0.35 na Rana ba tafasar tana kaiwa har tsakiya. Tafasa da saurin juyi in suka haɗu suna haifar da maganaɗisu mai ƙarfi. Shi ke kawo manyan baƙaƙen tabo a fuskar tauraron, da aman wuta da kan ɗaga haskensa cikin 'yan mintuna ya lafa a hankali. Mai awo zai ga layinsa yana ɗan hawa da sauka ko babu husufi, saboda tabon yana juyowa yana komawa.

Daga nan wata matsala ta taso wadda har yau ake muhawara a kanta. Da aka auna waɗannan tagwaye da kyau, sai aka tarar girmansu ya ɗara abin da lissafin ginin taurari ya ce da kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100, fuskarsu kuma ta ɗan fi sanyi. Aikin Torres da Ribas na 2002 a kan YY Geminorum yana cikin waɗanda suka fito da abin fili. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne maganaɗisun yana danne tafasar, tabon kuma yana toshe mafitar zafi, sai tauraron ya kumbura don ya sami faɗin da zai fitar da zafinsa. Mu ma nan muka fi karkata, amma da sharaɗi: tabon da kansa yana gurɓata siffar ramin husufi, musamman in ya taru a ƙuryar arewa ko kudu ta tauraron, don haka wani kaso na kumburin zai iya zama na awo ne. Kada ɗalibi ya ce wannan ƙaramin abu ne. Girman duk duniyar da aka gano a kewayen jan wada, irin bakwai ɗin TRAPPIST-1, da girman tauraronta ake fitar da shi. Kuskuren kashi 10 a tauraro kuskuren kashi 10 ne a duniyar, kuma yana komawa kusan kashi 30 in aka zo lissafin ko dutse ce ko ruwa ya yi mata yawa.

Mun ce babu abin da ke rage musu gudu. Akwai ɗan gyara. Kowane tauraro yana fitar da iska ta ɓurɓushin jikinsa, maganaɗisu kuma yana riƙe da wannan iskar yana juyawa da ita har ta yi nisa kafin ya sake ta. Yaron da ke jujjuyawa a tsaye in ya buɗe hannuwa zai ji ya rage sauri, haka tauraron ke yi. Amma tunda juyinsa a ɗaure yake da zagayen, asarar daga zagayen ake cire ta, sai tazarar ta riƙa raguwa, zagayen yana gajarcewa. In abin ya yi nisa sai su miƙe kamar ƙwai, su taɓa juna, su koma siffar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu, daga baya su narke su zama ɗaya. An taɓa kama haɗewa irin wannan: V1309 Scorpii, wanda aikin sa ido na OGLE a ƙasar Chile ya yi shekaru yana auna shi, zagayensa na kwana 1.4 yana ta gajarcewa, har ya yi wata irin walƙiya a 2008, bayanta husufin ya ɓace. Waɗancan ba jajayen wadanni ba ne, amma hanyar ɗaya ce. Ga ƙananan taurari birkin yana da rauni sosai, tafiyar ta biliyoyin shekaru ce. Ka kwantar wa ɗalibai da hankali, CM Draconis ba ya kusa da karo.

Raunin birkin ne ya sa wani bincike na 2012 ya ta da ƙura. An daɗe da lura cewa tagwaye masu taɓa juna ba kasafai zagayensu ke sauka ƙasa da kwana 0.22 ba, wato awa biyar da 'yan mintuna, kuma ana ganin shekara biliyan 13.8 da sararin samaniya ya yi ba ta isa ƙananan taurari su matsu haka ba. Sai ga Bas Nefs na Leiden da abokan aikinsa, da madubin UKIRT da ke Hawai, sun bayyana tagwayen jajayen wadanni huɗu masu zagaye wajen awa huɗu ko ƙasa, mafi sauri bai cika awa uku ba. A 2023 kuma aka bayyana LP 413-53AB, taurari biyu da ke can ƙarshen ƙanƙanta da sanyi, suna zagaye cikin kimanin awa 17. Ba zai yiwu a ce an haife su a haka ba, domin jaririn tauraro ya fi babba faɗi sau da yawa kafin ya tsuke, da sun cika tazarar tun farko. Ke nan daga nesa suka taho. Abin da ake zargi da yawa shi ne na uku: tauraro na nesa da ke jan su a karkace yana miƙar da da'irarsu har su riƙa wuce juna kurkusa, miƙewar jiki ta cinye ƙarfin, su zauna a matse. Wata ƙidaya ta 2006 a kan taurari irin Rana ta sami na uku a kashi 96 cikin 100 na tagwayen da zagayensu bai kai kwana uku ba. Misalanmu biyu ma haka suke: CM Draconis yana da farin wada, wato ragowar tauraron da makamashinsa ya ƙare, a nesa da shi, YY Geminorum kuwa yana cikin gidan Castor mai taurari shida.

Yanzu abin da za ka nuna musu. Castor kana ganinsa da ido. Shi da Pollux su ne taurari biyun da masu lissafin taurarin noma ke kira Zira'a. Nemo Kaza da 'Ya'yanta, ka miƙa hannu, ka auna taƙi biyu da rabi zuwa gabas, za ka ga taurari biyu masu haske, tsakaninsu kamar yatsa uku. Wanda ya fi haske mai ɗan ruwan ɗorawa Pollux ne, farin da ke arewa da shi Castor. Daga Argungu yana hawa har digiri 70 ta wajen arewa. Yana kaiwa ƙololuwa wajen ƙarfe 1 saura na dare a tsakiyar Janairu, ƙarfe 11 saura a tsakiyar Fabrairu, ƙarfe 9 a tsakiyar Maris. Da madubi mai faɗin baki santimita 8 zuwa 10, a ƙara girma sau 100, Castor zai rabu gida biyu farare masu manne da juna. Ɗan nesa da su ta kudu akwai wani dusasshen ɗigo mai ɗan ja-ja. Shi ne YY Geminorum. Haskensa yana mataki na 9 a ma'aunin da lamba ke ƙaruwa in tauraro ya dusashe, ido kuwa a 6 yake tsayawa, kuma Castor ya fi shi haske kusan sau 900, don haka madubin hannu mai ido biyu ba zai fitar da shi daga ƙyallin ba.

Husufinsa yana zuwa duk awa 9 da minti 46, hasken ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Lokacin farko ka samo shi daga kundin taurari masu sauya haske na ƙungiyar AAVSO a intanet, inda za ka sami taswirar taurarin gwaji ma. Da agogon Girinwic suke rubutawa, ka ƙara awa ɗaya. In ka kama ɗaya, sauran lissafi ne: bayan dare biyu zai dawo da jinkirin minti 51. Ku fara kallo awa ɗaya da rabi kafin lokacin, duk minti 10 ɗalibi ya gwada shi da tauraron gwaji ɗaya da ya fi shi haske da ɗaya da bai kai shi ba, ya rubuta lokaci da abin da ya gani kafin ya ji na wani. In akwai kyamara, dole mazaunin madubin ya zama mai bin sama da mota, in ba haka ba cikin daƙiƙa shida tauraro zai ja layi mai tsawon duk tazarar da ke tsakanin Castor da shi. A ɗauki hoto na daƙiƙa 10 zuwa 30 a jere, a ajiye shi ɗanye yadda kyamara ta kama, don hoton da aka matse ya riga ya ɓata lissafin haske. Manhajar AstroImageJ kyauta ce, tana fitar da layin.

Babban abokin gaba a Kabi shi ne hazo. Lokacin da Castor ya fi kyau shi ne lokacin da ƙurar hunturu ta fi kauri, kuma ƙurar ba ta rage shuɗin haske da ja daidai wa daida. In tauraron gwajinka fari ne kuma naka ja, yayin da suke gangarawa yamma layin zai karkace ka ɗauka wani abu ne ya faru. Zaɓi na gwaji mai launi kusa da nasa, ka daina awo in ya sauka ƙasa da digiri 30. Dararen Nuwamba bayan ɗaukewar ruwa, daga tsakar dare zuwa asuba, sukan fi tsabta, haka ma duk daren da iska ta share hazon. Ka guji 10 zuwa 18 ga wata, don a watannin sanyi farin wata kusa da Zira'a yake cika. CM Draconis kuwa kada ka wahalar da kanka: yana mataki na 13, sai madubi mai santimita 20 ko fiye, kuma lokacin da yake sama da dare ya faɗo cikin damina.

In makarantar ba ta da madubi, akwai Algol. Taurarinsa manya ne, amma husufin iri ɗaya ne kuma ido yana gani. Sunan daga Larabci yake, ra'asul gul, kuma John Goodricke ne ya auna zagayensa a 1783. Yana taƙi ɗaya arewa da Kaza da 'Ya'yanta, ya ɗan karkata yamma, yana sama da dare daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Duk kwana 2 da awa 20 da minti 49 haskensa yana sauka zuwa kusan sulusi, saukar da hawan suna cin awa 10. Manhajar Stellarium a waya za ta nuna maka shi da maƙwabtansa na gwaji. Zaɓi daren da ƙarshen dusashewar zai faɗo wajen ƙarfe 9, ɗalibai su duba shi bayan magariba, su sake dubawa duk rabin awa har ƙarfe 11, kowa da takardarsa. Washegari da dare su sake kallo su ga ya dawo yadda yake. Husufi na gaba zai zo bayan dare uku, awa 3 da minti 11 kafin lokacin na farko, wato gab da faɗuwar rana, don haka abin da za su kama a wannan daren tasowar hasken ce.